Ƙofar ce ta lalace, ko ni ne ban gane ba?

Kwamfutar da nake buga wasan 'yan fashin teku da ita tsohuwa ce, na saye ta a Haraj Sawarikh da ke kudancin Jidda a kan riyal 450, kuma niyyata a lokacin ita ce in riƙa cike takardun aiki da ita a gida idan sun yi mini yawa a ofis. Aikina ya shafi takardun fiton kaya a tashar jiragen ruwa, saboda haka ina ganin jirage kusan kullum, amma na ƙarfe ne masu ɗauke da kwantena, babu abin da ya haɗa su da jiragen katako da suka cinye mini dare a makonni 6 da suka wuce. Abin da ya jawo haka shi ne, ina gyaran wani kwali a ɗakin mahaifiyarmu sai na ci karo da faifan wasan 'yan fashin teku da na yi ta bugawa ina saurayi, kuma maimakon in jefar da shi kamar yadda uwargida ta ba da shawara, sai na sa shi a aljihu.

Wasan shi ne Pirates of the Caribbean na shekarar 2003, wanda kamfanin Akella na ƙasar Rasha ya ƙera, kamfanin Bethesda ya fitar da shi kasuwa. Asalinsa an fara shirya shi ne a matsayin kashi na biyu na Sea Dogs, wanda ya fito a 2000, daga baya aka sauya masa suna don ya dace da fim ɗin da ya fito a wannan shekara. Wanda ya buga shi zai tuna kyaftin Nathaniel Hawk da yadda Faransawa suka mamaye garin Oxbay tun a farkon labari. Abin da ban sani ba ina yaro shi ne, kusan dukkan dokokin wasan, da maganganun mutanen cikinsa, da jerin abubuwan da ke faruwa, rubuce suke a fili cikin wata folda mai suna PROGRAM, da yare mai kama da yaren rubuta manhaja da ake kira C, ta yadda duk mai haƙuri zai iya buɗewa ya karanta ya kuma sauya. Wannan ne ya ba masoya wasan, musamman jama'ar dandalin intanet na PiratesAhoy, damar shafe shekaru suna yi masa ƙari, har suka fitar da garambawul ɗin da ake kira New Horizons, inda suka mayar da tsibiran ƙirƙira zuwa na gaske, tsibirin Oxbay ya koma Barbados, Redmond ya koma Jamaika, suka ƙara jirage da garuruwa da labarai sababbi. Injin wasan kansa, wanda ake kira Storm, an saki rubutunsa ga kowa a 2021.

A cikin labaran da masoya suka rubuta akwai wanda ya kama ni, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Ba zan ambaci sunansa ko na wanda ya rubuta shi ba, domin zan faɗi inda na sha wahala, kuma ba na so a ɗora wa bawan Allah laifin da mafi yawansa nawa ne. Labarin ya bambanta da sauran ta fuska ɗaya babba: kusan babu harbin igwa a cikinsa. Za ka iya shafe awa 3 ba ka zare takobi ba. Abin da ke gabanka shi ne wasiƙu da aka rubuta da baƙaƙen ɓoye, da akwatuna masu makulli iri-iri, da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, da tsofaffin matuƙa waɗanda ba sa ba ka amsa kai tsaye sai sun zagaya da kai kamar mai kacici-kacici a dandali. Mutum ɗaya ne ya zauna ya ƙulla wannan duka, ba don kuɗi ba, kuma ana ganin hannunsa a ko'ina, har da wuraren da ya yi son kai ya ɓoye abu a inda babu mai hankalin da zai duba.

Kafin in kai ga kacici-kacicin farko ma sai da na yi kwana 4 ina fama da kwamfutar. Wasan yana buɗewa lafiya, ina yawo a gari lafiya, amma da zarar na hau jirgi na fita teku sai allon ya yi baƙi, wasan ya fice ba sallama. Dalilin shi ne an gina shi a kan DirectX 8, wani tsohon tsarin nuna hoto na Windows, kuma na'urar hoton da ke cikin irin kwamfutata ba ta jituwa da shi sosai. Maganin ɗan ƙaramin fayil ne da ake ajiyewa a foldar wasan, wanda ke fassara umarnin tsohon tsarin zuwa wanda ya biyo bayansa. Da na sa shi, teku ta bayyana. Matsala ta biyu kuwa ni na jawo ta, domin na girka wasan a cikin Program Files, wurin da Windows ke tsarewa ba ya barin tsofaffin manhajoji su yi rubutu yadda suke so, sai ya zama ina sauya abu amma wasan yana nuna kamar ban taɓa komai ba. Na goge komai, na sake girkawa a wata folda da na buɗe da kaina a tushen faifai, aka wuce wurin.

Waɗannan ba su dame ni ƙwarai ba, saboda kowa ya ga baƙin allo ya san abu ya lalace. Wahalar gaske ta fara ne bayan na shiga cikin labarin, kuma ita ce nake ganin ta raba irin wannan wasa da wanda kamfani ya sayar maka. Idan ka tsaya gaban ƙofa ta ƙi buɗewa a wasan da ɗaruruwan ma'aikata suka gwada kafin ya fito, ka san akwai abin da ba ka yi ba, sai ka koma ka nema da kwanciyar hankali. Amma a labarin da mutum ɗaya ya rubuta a ɗakinsa, aka ɗora shi a kan garambawul, garambawul ɗin kuma aka ɗora shi a kan wasan da ya haura shekara 20, ƙofar da ta ƙi buɗewa tana iya zama kacici-kacici, tana kuma iya zama karyayya. Ba ka da tabbacin ko tunani ya kamata ka yi ko gyara. Wannan kokwanto yana cinye daɗin wasan fiye da kowace tangarɗa, domin yana sa ka daina amincewa da wanda ya ƙulla maka ƙullin, kuma kacici-kacici ba ya yiwuwa idan ba ka yarda cewa mai tambayar yana da amsa ba.

Abin da ya cece ni shi ne koyon karanta wasu fayiloli 3 da wasan ke rubutawa a foldarsa duk lokacin da aka kunna shi: compile.log da system.log da error.log. Na farko yana faɗin abin da rubutun labarin ke yi mataki-mataki, har da sunan kowace gaɓa da aka shiga, na biyu yana faɗin abin da injin ya nema na hoto ko sauti ko siffar wuri da wanda bai samu ba, na uku kuwa yakan bayyana ne idan rubutun ya yi tuntuɓe, ya ba ka sunan fayil da lambar layi. Da farko sun yi mini kama da takardar likita, amma wanda ya saba bin lambar kwantena a cikin takardu 40 don gano inda aka rubuta 7 a maimakon 1 ba zai daɗe bai gane tsarinsu ba.

Karon farko da suka yi mini amfani shi ne lokacin da aka ce in sadu da wani mai gyaran agogo a bayan coci da daddare. Na je, babu kowa. Na koma masauki na kwana, na dawo, babu kowa. Na zagaya garin sau ba adadi, na yi magana da duk mai rai har da masu gadin ƙofar gari, na fara zargin ko akwai wata coci a wani tsibiri. Sai a dare na biyu na buɗe compile.log, na ga an rubuta cewa an shiga gaɓar da ta dace, amma an kasa ajiye mutumin saboda ba a sami alamar wurin tsayawarsa ba. Kowane wuri a wasan yana da fayil ɗin da ke ɗauke da irin waɗannan alamomi, inda mutum zai tsaya, inda akwati zai zauna, inda ƙofa za ta kai ka. Marubucin ya ba da sabon fayil mai ɗauke da ƙarin alama, ni kuma lokacin da nake kwance facin da na sauke, wato ƙunshin fayilolin gyara, sai na bar shi ya buɗe folda a cikin folda, fayil ɗin ya faɗa inda wasan ba ya dubawa. Na mayar da shi gurbinsa, na koma ajiyar wasa, wato matakin da na adana kafin in shiga garin, sai ga mai agogo tsaye da fitilarsa kamar bai taɓa ɓata ba. Laifi tudu ne, na yi kwana 2 ina hango na wani alhali ina tsaye a kan nawa.

Wani darasin ya fi wannan tsada. Ajiyar wasa tana ɗauke da yanayin duniyar ne kamar yadda take a ranar da ka fara, saboda haka idan ka ɗora sabon faci a tsakiyar tafiya, ba lallai tsohuwar ajiyarka ta san da sababbin abubuwan ba. Maɓallin F11 yana sa wasan ya sake karanta wasu daga ciki, amma ba duka ba, kuma takardar bayanin da ta zo da facin ta faɗa ƙarara cewa a fara sabon wasa. Ban karanta ta ba sai bayan na yi asarar kimanin awa 9.

Akwai kuma wata tangarɗa da nake jin ta fi shafar mu da ke zaune a ƙasashen Larabawa, shi ya sa zan ɗan tsaya a kanta. Wata rana na buɗe fayil ɗin maganganun wani ɗan Fotugal don in sake karanta abin da ya gaya mini, domin wasan ba ya maimaitawa, sai na ga harafin mimun na Larabci zaune a tsakiyar sunan gari, tsakanin baƙaƙen boko. Na ɗauka fayil ɗin ya gurɓace, na goge mimun ɗin na sa harafin da na ga ya dace, na adana. Daga nan mutumin ya daina magana gaba ɗaya. Abin da ya faru shi ne, an rubuta fayilolin ne da tsohon tsarin baƙaƙe na Yammacin Turai, mai lamba 1252, ita kuwa kwamfutata an saita ta a kan na Larabci, mai lamba 1256, kuma gurbin da Turawa suka ba harafin a mai lanƙwasa a kai shi ne gurbin da aka ba mimun a tsarin Larabci. Babu abin da ya lalace tun farko, kwamfutar ce ke karanta mini da idon Balarabe. Ni ne da na zo adanawa na zaɓi wani tsari daban, wanda ya ƙara wa fayil ɗin wasu alamomi a farkonsa da injin bai san su ba. Garin gyaran gira na rasa ido. Tun daga ranar ba na taɓa fayil sai na kwafe shi gefe, kuma idan na ga Larabci a bakin ɗan Fotugal sai in bar shi da abinsa.

To, bayan waɗannan nasarori sai girman kai ya shige ni, na koma ganin kowace ƙofa a rufe a matsayin karyayya. A nan ne ɗan yayata ya ba ni kunya. Yaro ne ɗan shekara 14, yakan zo wurinmu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya wuni, kuma Hausarsa ta cakuɗe da Larabci irin ta yaran da aka haifa a nan, amma idonsa ya fi nawa. Na kai wani gidan ajiya da mai gadi ya hana ni shiga, yana ta maimaita cewa maigidansa ba ya ganin mutum mai nauyi. Na yi dare 3 ina bin fayilolin nan layi-layi, babu kuskure ko ɗaya, har na fara tunanin ko kuskuren ya ɓuya ne ta yadda ba ya barin sawu. Yaron ya zauna yana cin burodin tamis da wake yana kallona, can sai ya ce, “Kawu, takobi da bindiga da sulke fa duk suna jikinka. Ko su yake nufi?” Na ce masa ba haka ake rubuta wasa ba. Ya ce, “To Kawu, gwadawa ai ba ta cin kuɗi.” Na koma jirgi na zuba makaman a akwatin ɗakin kyaftin, na dawo hannu rabbana, mai gadi ya matsa gefe. Kaza ta kwana a kan dami, kuma yaron bai bar maganar ba har mahaifiyarsa ta zo ɗaukarsa bayan isha.

Daga nan na kafa wa kaina ƙa'ida. Idan na maƙale, ina duba fayilolin sau ɗaya tak, na minti 5. Idan akwai kuskure, gyara ne. Idan babu, na rufe su, na ɗauko littafin rubutu da biro, na yarda cewa mutumin nan yana da amsa kuma ya bar mini hanyar kai wa gare ta. Sai a lokacin na fara jin daɗin abin da ya gina, domin na daina kallonsa a matsayin wanda ake tuhuma.

Kuma ya iya ƙulli, wannan dole a faɗa. Akwai ɗakin da ke da igiyar ƙararrawa da wata takarda mai jerin lokuta, wanda ba za ka warware ba sai ka san yadda matuƙan wancan zamani ke ƙirga lokaci: ana raba tsaro awa huɗu-huɗu, ana buga ƙararrawa duk rabin awa ana ƙara bugu ɗaya, har a kai bugu 8 a ƙarshen tsaron. Wani tsohon matuƙi ya riga ya gaya mini wannan a mashaya tun awanni da suka wuce, cikin surutun da na ɗauka na cika wuri ne. Wanda ya fi burge ni kuwa shi ne na inuwa. Wata wasiƙa ta ce a tsaya gindin wani dutse a lokacin da inuwar sanda ta kai tsawon sandar, bayan rana ta karkata. Ina jin da yawa daga masu wasan sai sun yi lissafi ko sun yi ta gwada awa bayan awa, ni kuwa dariya na yi, domin duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta babin lokutan salla ya san wannan ita ce alamar shigar la'asar. Na sa kyaftin ɗina ya jira a masauki har wajen ƙarfe 3, na je, abin da ake nema ya bayyana. Ban san ko marubucin ya taɓa jin kalmar la'asar ba, amma ranar na ji kamar da ni yake magana.

Sau ɗaya na yi ha'inci, kuma ban ji daɗinsa ba. Akwai fayil mai suna console.c wanda duk umarnin da ka rubuta a ciki wasan zai aiwatar idan ka danna F12, an tanade shi don masu gwaji da masu ceto ajiyar da ta lalace. Wani dare na gaji da wata wasiƙar ɓoye, na leƙa rubutun labarin na ga sunan gaɓa ta gaba, na rubuta, na danna, na tsinci kaina a cikin kogon da nake nema. Minti 10 ban yi ba na ji abin ya fice mini daga rai, ga shi kuma na tsallake wani mabuɗi da ake bayarwa a hanya, wanda rashinsa ya toshe ni a gaba. Na koma tsohuwar ajiya na zauna da wasiƙar, na ƙirga alamar da ta fi yawan fitowa na ɗauke ta a matsayin e, tunda shi ne harafin da ya fi yawa a Turanci, sauran suka biyo a hankali cikin dare 2.

Wuri ɗaya ne labarin ya sa na ajiye linzamin kwamfuta na yi shiru. A wata takarda da na samo, an ambaci dukiyar Henry Every cikin sha'awa, kamar yadda aka saba ambatonsa a irin waɗannan wasanni, ɗan fashin da ya yi babban kamu kuma ba a taɓa kama shi ba. Tarihin gaskiya ne. A 1695 Every ya yi kwanto da jirginsa Fancy a mashigin Babul Mandab, bakin wannan Bahar Maliya da nake gani ta tagar ofis, ya bi ayarin jiragen Indiya har ya kama Ganj-i-Sawai, babban jirgin daular Mughal ta Indiya da ke komawa tashar Surat. Mutanen cikinsa fatake ne da alhazai masu komawa gida, kuma an azabtar da su, an ci zarafin matansu. Sarkin Mughal Aurangzeb ya fusata har aka tsare Ingilishin kamfanin East India da ke Surat, shi kuwa Every ya tsere zuwa Nassau a 1696. Kakannina da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa, suka ratsa Chadi da Sudan, suka tsallako wannan teku a jirgin katako don su sauke farali, saboda haka idan aka ce jirgin alhazai, ba zinariyar cikinsa nake fara gani ba. Ban daina wasan ba, kuma ban ga laifin marubucin ba, domin daga inda yake zaune labarin dukiya ne kawai. Amma na kira ɗan yayata na ba shi ɗaya rabin labarin, ya saurara bai katse ni ba, abin da ba ya yawan yi.

Yanzu ina cikin wani ɗaki a ƙarƙashin rusasshiyar ganuwa, gabana akwai sanduna 5 na ƙarfe da ake ja, da zanen taurari a bango, da gawar wani matuƙi riƙe da kamfas wanda allurarsa ba ta nuna arewa. Yau kwana 4 ke nan. Na duba fayilolin sau ɗaya kamar yadda na yi alkawari, babu error.log ma gaba ɗaya, compile.log kuma ya nuna an shiga gaɓar lafiya. Na zana taurarin a littafina, na gwada jeri 11 babu wanda ya yi. Yaron ya turo mini saƙo jiya cewa kada in taɓa sandunan sai ya zo ranar Juma'a, wai yana ganin allurar kamfas ɗin ba lalacewa ta yi ba, wani abu take nunawa a bango.